Me ya sa 'yan Katolika ke yi wa mamaci addu'a, har da kuɗin Mas?

Tambayar daga wani malam ce, Musulmi, yana aiki a Kaduna. Ya ce mahaifin abokin aikinsa ya rasu, ɗan Katolika ne, ya je jana'iza don zumunci ya dawo kansa cike da tambaya: gawa ta yi kusan wata guda a mutuware, ya ji ana cewa an biya kuɗin Mas, wato babbar sujadar 'yan Katolika, saboda mamacin, yanzu kuma an sake gayyatarsa addu'ar cika wata ɗaya, ga wani abokinsu ɗan ECWA ya ce masa duk ɓata lokaci ne, wanda ya mutu ya mutu, addu'a ba ta kai masa. Shi ne yake son ya san me 'yan Katolika suka yarda da shi a kan mutuwa, kuma in ya je me zai ce.

To Malam, Allah ya saka da alheri tukunna, zuwa jana'izar da ba ta addininka ba saboda abokin aiki ba kowa ke yi ba a Kadunan yanzu. Ni katikis ne, ina koyar da addini a coci ina kuma riƙe wa Fada, wato firist ɗinmu, aiki a ƙauyukan da ba ya samun zuwa kullum, binne mutane yana cikin aikina na yau da gobe. Zan faɗa maka abin da Ikklisiya ta koyar, inda mutanenmu suka kauce ma zan faɗa, don ba duk abin da ka gani a wurin ne addini ba.

A wurinmu mutuwa ba ta yanke zumunci. Wanda ya rasu har yanzu ɗan gida ne, kuma mai yiwuwa yana bukatar addu'arka fiye da lokacin da yake da rai. Koyarwar ita ce da zarar rai ya fita mutum yana fuskantar hukuncinsa shi kaɗai a gaban Allah, nan take, ba sai an jira ranar tashin ƙiyama ba. Shari'ar ƙarshe tana nan tafe, ranar da jiki zai tashi ya haɗu da rai, amma makomar kowa ta riga ta tabbata tun ranar da ya cika. Wanda ya mutu yana ƙin Allah da gangan, da babban zunubi a wuyansa bai tuba ba, ya raba kansa da Allah har abada, wannan ita ce wuta, kuma babu addu'ar da za ta fid da shi ko da Fafaroma ne ya yi ta. Wanda ya mutu tsarkakakke sarai sai aljanna kai tsaye. To amma tsakani da Allah Malam, a cikin mutanen da ka raka maƙabarta, nawa ne za ka iya sa wa a kashi biyun nan ba tare da zuciyarka ta yi ɗar ba? Yawancin waɗanda muke binnewa mutanen kirki ne masu tabo. Dattijon da bai taɓa fashin sujada ba amma ya mutu ba ya ga-maciji da ƙaninsa saboda iyakar gona. Uwar da ta ciyar da marayun unguwa amma bakinta ya kashe auren 'yar maƙwabta. Sun tuba, Allah ya gafarta, amma halin bai gama fita daga jikinsu ba kuma ɓarnar da suka yi ba su gyara ba. Littafin Ru'ya ta Yohanna 21:27 kuwa ya ce babu abu marar tsarki da zai shiga birnin Allah.

Wannan tsarkakewar ta ƙarshe ita muke kira furgatori. Kamar manomi ne da ya dawo daga gona duk jikinsa laka aka ce sarki na kiransa cin abinci, an riga an gayyace shi, wurin zamansa na nan ba mai ƙwacewa, amma shi da kansa ba zai yarda ya shiga haka ba sai ya tsaya a zaure ya wanke jiki. Saboda haka furgatori ba ƙaramar wuta ba ce, ba kuma dama ta biyu ba ce ga wanda ya ƙi Allah. Duk wanda ke ciki ya riga ya tsira. Kuma kar ka ce ai barzahu ne, sun ɗan yi kama ta wani gefe amma ba ɗaya ba ne, a yadda na ji malamanku na bayani barzahu kowa ke shiga, nagari da mugu, ana jiran ƙiyama, shi kuwa wannan ƙofar fitarsa ɗaya ce tak kuma aljanna take kallo.

Hotunan da ake zanawa na mutane tsirara cikin harshen wuta suna ɗaga hannu, wannan aikin masu zane ne. Abin da Ikklisiya ta tsayar a manyan tarukan bishof-bishof na Fulorens a 1439 da Tirent a 1563 abu biyu ne kawai: akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai tana taimakon waɗanda ke cikinta. Ba ta ce ga inda yake ba, ba ta ce shekara kaza ake yi ba. Fafaroma John Paul na biyu a watan Agustan 1999 ya ce yanayi ne na rai, ba wani wuri ba ne da za a nuna da yatsa. Benedict na 16 kuma a wasiƙarsa ta 2007 a kan bege ya kawo fahimtar da ni dai ta fi kwanta min, cewa wutar da manzo Bulus ya ambata a 1 Korantiyawa 3:15, inda ya ce mutum zai tsira amma kamar ta cikin wuta, mai yiwuwa Almasihu ne da kansa, ka tsaya a gabansa ya dube ka, duk ƙaryar da ka yi wa kanka a duniya ta narke, da zafi amma zafin warkewa ne, kuma ba a auna shi da agogon duniya.

Abokinku ɗan ECWA ba da mugunta ya faɗi abin da ya faɗa ba, haka aka koya masa, kuma saɓanin ya haura shekara 500. Tushensa littafi ne. Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, nasu 66, a cikin bakwai ɗin da babu a nasu akwai Makabiyawa na biyu. A sura ta 12 an ba da labarin Yahuza Makabi, shugaban yaƙin Yahudawa sama da shekara 160 kafin haihuwar Yesu, bayan wani yaƙi suka je kwashe gawarwakin sojojinsu sai suka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu, abin da Attaura ta haramta. Bai ce su suka ja wa kansu ba. Ya sa aka yi karo-karo aka tara azurfa dirakma 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya don a gafarta musu, marubucin ya yaba masa ya ce da ba ya sa ran tashin matattu da addu'ar ta zama wauta. Martin Luther, jagoran waɗanda suka ɓalle daga Katolika, da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci ya ware waɗannan littattafan gefe guda, tunda babu su a kundin Ibrananci na Yahudawa, mu kuma muka riƙe su tunda suna cikin fassarar Girkanci da Kiristocin farko ke karantawa. Hujjarsu ta biyu ita ce jinin Yesu ya isa, ga ɓarawon da aka gicciye tare da shi an ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, ba a ce ya jira ba. Mu ma mun yarda jinin Yesu ya isa mana, ai shi ne ke yin wankin, ba wani sabulu daban muka kawo ba. Inda muka rabu shi ne ko wankin yana iya ƙarasawa bayan mutuwa. Kiristocin Kibɗawa na Masar da na Habasha da 'yan Otodoks su ma suna yi wa matattu addu'a duk da ba su karɓi bayanin furgatori irin namu ba.

Kuma abin ya tsufa ƙwarai, a nan Afirka ma aka fi samun shaidarsa ta farko. A shekara ta 203 a birnin Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yanzu, an tsare wata matashiya mai jego sunanta Perpetua ana shirin jefa ta ga namun daji saboda addininta. A kurkuku ta yi mafarkin ƙaninta da ya mutu yana ɗan shekara bakwai da ciwo a fuska, ta gan shi cikin duhu yana jin ƙishi, ga ruwa amma bakin kwamin ya fi ƙarfin tsawonsa. Ta duƙufa yi masa addu'a dare da rana, daga baya ta sake ganinsa fes, ciwon ya zama tabo, ya sha ruwa ya ƙoshi ya tafi wasa. Sai Monika, mahaifiyar Agustin babban malamin Ikklisiya, mutanen ƙasar Aljeriya ta yanzu, ita ajali ya same ta a Ostiya kusa da Rum a 387 suna hanyar komawa gida. Ɗanta ɗaya ya damu za ta mutu a baƙuwar ƙasa, alhali ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta, ta ce musu ku binne jikin nan ko'ina kar ya dame ku, abu ɗaya nake roƙo, ku riƙa tunawa da ni a bagaden Ubangiji duk inda kuke. Ina yawan karanta wa iyalan da ke shirin cin bashi don ɗaukar gawa daga Legas zuwa ƙauye maganar nan, wasu su ji wasu su harare ni.

Yanzu kuɗin Mas, wanda na san shi ya fi tsaya maka a rai. Mas ita ce babbar sujadarmu, inda firist ke miƙa gurasa da ruwan inabi a bagade, mun gaskata hadayar Yesu ta kan gicciye ce ake kawowa gabanmu, ba wata sabuwa ba. Babu addu'ar da ta kai ta a wurinmu, shi ya sa in mutum na son yi wa mamacinsa abu mafi girma sai ya je ofishin coci ya ce a sa sunan babana a Mas ta ranar kaza, ya ba da ɗan abin da aka tsayar, a rubuta a littafi, ranar a karanta sunan a gaban jama'a kowa ya sa shi a addu'a. Kuɗin sadaka ce ta ɗawainiyar firist, abincinsa da man mashin ɗinsa, asalinta tun zamanin da mutane ke kawo gurasa da ruwan inabin da hannunsu. Bishof-bishof na yanki ne ke tsayar da adadin don kar wani ya tsawwala. Kundin dokokin Ikklisiya na 1983 ya fito fili a kai, doka ta 947 ta ce a nisanci duk abin da ya yi ko da kama da ciniki a kan Mas, ta 945 ta ƙarfafa firistoci su yi wa mabukata Mas ko ba su ba da ko kwabo ba, ta 1181 kuma ta ce kar a nuna bambanci a jana'iza kuma kar a hana matalauci wadda ta dace da shi. Mas ɗin da attajiri ya sa aka yi ba ta fi ta gwauruwa nauyi a wurin Allah ba.

Ba zan ce maka ba a taɓa cin kasuwa da abin ba, an ci, mummunan ci ma. A ƙasar Jamus wani mai wa'azi Johann Tetzel ya riƙa yawo yana tara kuɗin ginin cocin Bitrus na Rum, yana sa talakawa su ɗauka da sun jefa kuɗi a akwati iyayensu sun fita daga azaba, wannan na cikin abin da ya tunzura Luther a 1517. Taron Tirent ya umarci bishof-bishof su hana duk wa'azin furgatori da ke warin camfi ko neman riba, a 1567 kuma Fafaroma Pius na biyar ya soke duk wani rangwamen horon zunubi da aka ɗaura wa kuɗi. Amma ka san hali zanen dutse, abin yana dawowa da wata riga. Wanda ke ƙona min rai a zamaninmu shi ne buɗe littafin bashi a kan gawa. Na taɓa tsayawa a ofishin wata coci, ga saurayi riƙe da katin mahaifiyarsa duk ya cinye a naɗi, idonsa jawur, sakataren kwamiti ya sa tabarau yana bin layi da biro: kuɗin gini na shekara kaza ba ta biya ba, na godiyar kaka saura kaza, na zumunta kaza, sai an cike kafin a ba da rana. Matar nan kuwa shekarunta na ƙarshe a kwance ta yi su, da me za ta biya? Na san coci na bukatar kuɗi, na san akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar da aka kawo su a akwati, amma wannan ba dokar Ikklisiya ba ce, ya ma saɓa mata. Waɗanda dokar ta ce a hana jana'izar coci 'yan kaɗan ne, irin wanda ya fita daga addinin a bainar jama'a bai nuna alamar tuba ba, babu mai bashin kuɗin gini a cikinsu.

Ajiye gawa wata guda kuwa babu ruwan addini, ko aya ɗaya babu. Fafaroma Francis ya rasu ran Litinin 21 ga Afrilun 2025 aka binne shi ran Asabar 26, duk da shugabannin duniya da za su zo, kuma tun yana da rai ya ce akwatin katako ɗaya ya ishe shi maimakon uku da aka saba yi wa fafaromomi. A ƙauyukanmu da babu mutuware Kirista ya rasu da safe kafin yamma ko washegari an binne shi, jana'izarsa kuma cikakkiya ce. Jinkirin daga jiran 'ya'ya ne da ke nesa, wanda wannan uzuri ne, sai kai gawa garinsu, sai kuma abin da ba uzuri ba: a yi wa gida fenti, a fitar da anko, a buga fosta, a kama kanofi da kujeru, a sayi sa, kar a ce gidan wane sun gaza. A kudu maso gabas abin ya yi ƙamari har Bishof Paulinus Ezeokafor na Awka ya yi ta fafutuka, jihar Anambra ta kafa doka a 2019 da ta rage bidi'o'in biki ta kuma ce kar gawa ta wuce wata biyu a mutuware. A wannan gaɓar kam ina ganin mu ne ya kamata mu leƙo gidanku mu koya.

Abubuwan da ka gani a cikin coci suna da ma'ana, kusan duk baftisma suke tunawa. Ruwan da Fada ya yayyafa wa akwatin a bakin ƙofa, farin ƙyallen da aka lulluɓa a kai, babban kyandir ɗin da ke tsaye kusa da shi wanda ake kunnawa a daren Ista, duk suna cewa wannan mutumin an yi masa baftisma cikin mutuwar Almasihu, zai kuma tashi tare da shi. Farin ƙyallen har wani aiki yake yi da nake so, yana rufe akwatin miliyan da na katakon kafinta su zama ɗaya. Turaren da aka kewaya da shi girmama jiki ne, tunda haikalin Ruhu Mai Tsarki ne kuma shi ɗin ne zai tashi. Shi ya sa muka fi son binnewa. Ƙona gawa an hana shi a da, aka sassauta a 1963, amma a 2016 Fadar Vatican ta ce tokar ma a adana ta a wuri mai tsarki, ba a watsa ta a teku ko a mai da ita sarƙar wuya ba. Mu nan ba matsalarmu ba ce.

Wa'azin jana'iza kuma a ƙa'ida ba yabon mamaci ba ne, littafin tsarin Mas ya hana a mai da shi haka. Yabo a bar shi a zaman dare da mutanenmu ke ce wa wek-kipin, ko a gida. Dalilin yana da ƙarfi, in ka tsaya ka ce wa jama'a Baba yana sama yanzu haka yana rawa da mala'iku, ka daɗaɗa musu rai na minti biyar amma ka sa sun daina yi masa addu'a, wa zai roƙa wa wanda ya riga ya isa? Ka cuce shi ke nan da sunan yabo. Ikklisiya ba ta gaggawar cewa wane yana aljanna. Fada Cyprian Tansi, ɗan Najeriya, ya rasu a Ingila a 1964, sai a watan Maris 1998 John Paul na biyu ya zo kusa da Onitsha ya ayyana shi mai albarka, shekara 34 bayan rasuwarsa, har yanzu ma bai kai matakin waliyyi ba. Shi kansa Francis kwana tara aka yi ana Mas ana roƙa masa jinƙai. Ta ɗaya gefen kuma Ikklisiya ba ta taɓa fitar da sanarwa a hukumance cewa wane yana wuta ba.

Akwai abin da ba ka gani ba don kafin mutuwa ake yinsa, kuma ni a wurina ya fi duk bikin nan muhimmanci. Yaƙub 5:14 ya ce in wani ba shi da lafiya ya kira dattawan Ikklisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Fada zai zo ya saurari furcin zunubinsa, ya shafa masa mai a goshi da tafin hannu, ya ba shi Jibin Ubangiji, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, na ƙarshe wanda muke kira guzuri. Matsalar mutanenmu tsoro, gani suke in Fada ya shigo da 'yar jakarsa to an yanke ƙauna, sai su ɓoye, su yi ta cewa ai da sauƙi, sai ƙarfe biyun dare numfashi ya fara sama-sama a bugo wa katikis waya ana kuka. Ni ba ni da ikon shafa man, firist ne kaɗai, kafin a taso shi ya keto hanyar ƙauye da damina mutum ya cika, wanda ya riga ya mutu kuwa ba a shafa masa, addu'a kawai za a yi. Tun babban taron bishof-bishof na Vatican na biyu aka bayyana cewa shafewar ta marasa lafiya ce da tsofaffi, ba sai mai gargara ba, da yawa an shafa musu sun tashi sun koma gona.

Sai maganar kuka. Wasu masu ta'aziyya, har da shugabannin coci, da sun ga gwauruwa na hawaye sai su ce haba Mama ina bangaskiyarki, ai Kirista ba ya kuka. Ban san inda suka samo wannan ba. Yesu ya tsaya a kabarin abokinsa Li'azaru, ya san sarai nan da ɗan lokaci zai tashe shi, amma Yohanna 11:35 ta ce ya yi hawaye. Bulus a 1 Tasalonikawa 4:13 bai ce kar ku yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kar ku yi irin na marasa bege. Agustin ma da Monika ta cika jikanta ya fashe da kuka aka tsawata masa ya yi shiru, shi kuma ya danne nasa har aka binne ta bai zubar da ko ɗigo ba, ya je ya yi wanka ko zai ji sanyi bai ji ba, sai da ya kwana ya farka shi kaɗai sannan ya saki hawayen, daga baya ya rubuta cewa duk mai ganin laifinsa don ya yi wa uwarsa kuka na ɗan lokaci to kar ya yi masa dariya. Wanda ya faɗi haka yana cikin manyan malaman Ikklisiya gaba ɗaya. Amfanin addu'ar matattu ga mai rai ma a nan yake, mutumin da ke cewa da na sani da na kai ta asibiti da wuri, da na nemi gafararsa kafin ya tafi, yana da abin yi yanzu, zai iya sa Mas, ya yi rosari, wato addu'ar carbinmu, ya yi sadaka da sunansa, ya biya bashin da ya bari, ya je ya shirya da ƙanin nan na rikicin gona. A dokar Ikklisiya babu adadin kwanakin takaba, aske kan gwauruwa da sa ta kwana a ƙasa da hana ta wanka, balle kwashe kayan miji a bar ta da yara, duk al'adun ƙabilu ne, Zumuntar Mata Katolika a wurare da dama su ke tsayawa a kan irin wannan.

Addu'ar wata ɗaya da aka gayyace ka tsohuwar al'ada ce, tsohon littafin Mas na Rum yana da addu'o'in kwana uku, kwana bakwai, kwana talatin da cikar shekara, Kiristocin gabas kuma uku da tara da arba'in suke yi, ka ga ba nisa da sadakar uku da bakwai da arba'in da aka sani a ƙasar Hausa. Ta kwana talatin ta yi ƙarfi a ƙasar Ailan, firistoci da yawa da suka yi aiki a Kaduna da Jos kuwa daga can suka zo. Ba farilla ba ce. Babbar ranar ita ce 2 ga Nuwamba, washegarin ranar dukan tsarkaka, wadda Odilo shugaban gidan masu zuhudu na Kuluni a Faransa ya kafa wajen shekara 1,000 da ta wuce ta bazu ko'ina. A 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya matattu sun yi yawa, Benedict na 15 ya ba kowane firist izinin yin Mas uku a ranar. A watan za ka ga an share maƙabarta, iyalai sun kawo sunayen matattunsu a ambulan an ajiye gaban bagade, Fada na bi kabari kabari da ruwa mai tsarki. Roƙa musu muke yi, ba kiransu muke ba. Zuwa wurin boka a tambayi mamaci wa ya kashe shi haramun ne a wurinmu kai tsaye, duk da na san ana yi a ɓoye.

Wanda ya kashe kansa a da ba a yi masa jana'izar coci, tsohon kundin 1917 ya hana, na 1983 ya cire hanin, Katikisim na 1992, littafin koyarwar Ikklisiya, kuma ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ko matsanancin tsoro na iya rage alhakin mutum, kar a yanke ƙauna a kansa, Ikklisiya tana yi masa addu'a. Jaririn da ya mutu ba baftisma muna miƙa shi ga jinƙan Allah, maganar limbo da tsofaffinmu suka haddace, wai wani wurin da irin waɗannan jariran ke zama ba aljanna ba wuta, ba ta taɓa zama tsayayyar koyarwa ba, a 2007 kwamitin malaman tauhidi na Vatican ya ce akwai ƙwaƙƙwaran dalilin sa rai da ceton irin waɗannan yara. Doka ta 901 a kundin 1983 kuma ta ba firist damar yin Mas saboda kowa, mai rai ko mamaci, saboda haka a gidajenmu na kudancin Kaduna da Filato da Adamawa inda uwa ɗaya ta haifi Kirista da Musulmi, ɗan Katolika yana iya sa a yi addu'a saboda kawunsa Alhaji, sai dai a yi da hikima kar ya zama tsokana ga sauran dangi.

Abin da za ka ce ba shi da wuya, gaisuwar da ka sani ita muke yi: sannu da rashi, ya haƙuri, Allah ya ba ku dangana, Allah ya raya abin da ya bari. Ko za ka roƙa wa mamacin gafara ko ba za ka roƙa ba wannan tsakaninka da malamanka ne, ba wanda zai sa maka ido. Za ka ji ana maimaita wata gajeriyar addu'a, Fada ya ce Ubangiji ya ba shi hutu na har abada jama'a su amsa haske madawwami ya haskaka masa, ba dole ka amsa ba. In an durƙusa kai ka zauna abinka. In aka yi layi zuwa gaba karɓar Jibin Ubangiji kar ka bi, na 'yan Katolika ne da suka shirya, shi ma abokinku ɗan ECWA zama zai yi. Layin baiko daban ne, wannan in ka ga dama ka jefa in ba ka ga dama ba shi ke nan. Mas ɗin ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi ba sai in mawaƙa sun samu wuri, daga nan a wuce gida cin abinci, in kana da shakka a kan yanka ka faɗa wa abokin naka tun kafin ranar, yawancin gidajen Kaduna Musulmi suke kira ya yanka musu saboda baƙi irinku.